Paul Rand

Paul Rand (15 ga Agusta, 1914 – 26 ga Nuwamba, 1996) ɗan ƙasar Amurka ne, mai zanen talla da tamburan kamfanoni, kuma malamin jami'a. Shi ne ya zana tamburan IBM, UPS, ABC, Westinghouse da NeXT, kuma wasu daga cikinsu har yau ana amfani da su. Ana lissafa shi cikin mutanen farko da suka shigo da sabon salon zanen Turai cikin harkar kasuwancin Amurka, wato salon da ke rage kwalliya ya dogara ga tsari mai kyau, haruffa masu karantuwa da launi kaɗan. Kafin zamaninsa, kamfanoni da yawa sun ɗauki mai zane tamkar ɗan ƙwadago, wanda ake kira bayan an gama yanke shawara domin ya ƙawata takarda. Aikinsa da IBM na cikin abubuwan da suka sauya wannan tunani.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York, a gidan Yahudawa masu riƙo da addini. Sunansa na yanka Peretz Rosenbaum. Mahaifinsa yana da kantin kayan masarufi, kuma allunan wannan kanti ne Rand ya fara rubutawa tun yana yaro. Mahaifin bai yarda zane zai ciyar da mutum ba, saboda haka ya sa shi makarantar sakandare da rana, da dare kuma yana zuwa darasin zane a Cibiyar Pratt. Daga baya ya yi karatu a makarantar zane ta Parsons da kuma Art Students League.

Duk da haka, yawancin abin da ya sani shi ya koya wa kansa. Ya riƙa bin mujallun Turai, musamman Gebrauchsgraphik ta Jamus, inda ya ga ayyukan Cassandre da László Moholy-Nagy, waɗanda a lokacin ba a cika koyar da su a makarantun Amurka ba. A farkon aikinsa ya sauya suna zuwa Paul Rand, don gudun wariyar da ake nuna wa Yahudawa wajen ɗaukar aiki. Sabon sunan gajere ne, haruffa huɗu a gaba, huɗu a baya, shi ya sa wasu marubuta ke kallon sa a matsayin tambarin farko da ya ƙirƙira.

Mujallu da talla

Ya fara da zana hotunan da ake sayar wa jaridu da mujallu. A 1936 aka ba shi tsara shafukan wani bugu na musamman na mujallar Apparel Arts, kuma yana ɗan shekara 23 ya zama shugaban sashen zane a kamfanin da ke buga Esquire. Daga 1938 ya riƙa zana bangon mujallar Direction ba tare da karɓar kuɗi ba, bisa sharaɗin kada kowa ya sa masa baki. Bangon watan Disamba na 1940 ya fi sauran shahara: ya nuna mujallar kamar ƙunshin kyautar Kirsimeti, amma waya mai ƙaya ce ta ɗaure shi a maimakon zare, a daidai lokacin da yaƙi ya mamaye Turai.

A 1941 ya koma kamfanin talla na William H. Weintraub, inda ya yi fiye da shekara goma. A wancan lokaci marubuci ne ke rubuta talla, mai zane kuma ya cike gurbin da ya rage. Rand ya riƙa haɗa rubutu da hoto su zama magana ɗaya, yana barin farin fili mai yawa a shafi domin ido ya sami inda zai sauka. Littafinsa na farko, Thoughts on Design, ya fito a 1947.

Tambarin IBM

A 1956 shugaban IBM, Thomas J. Watson ƙarami, ya ɗauki Eliot Noyes domin ya gyara kamannin kamfanin gaba ɗaya, shi kuma Noyes ya kawo Rand. Rand bai rushe tsohon tambari a tashi ɗaya ba. Ya bar haruffan uku yadda aka san su, ya sake musu siffa bisa wani salon haruffa mai kauri da ake kira City Medium, ya kuma mai da ramukan cikin harafin B murabba'i.

Sai dai akwai matsalar da ta rage. Harafin I siriri ne, B matsakaici, M kuma mai faɗi, don haka tambarin yana rinjaya zuwa gefe ɗaya. Maganin da ya samo shi ne ratsa haruffan da layuka a kwance, waɗanda suka ɗaure su suka zama abu guda. Ya kuma danganta layukan da irin siraran layukan da ake bugawa a takardun hukuma domin hana jabu, abin da ke ba tambarin kwarjini. A shekarun 1960 aka fara amfani da mai layi 13, sannan a 1972 aka fito da mai layi 8, wanda ya fi fita sarai idan an buga shi ƙarami. Shi ne kamfanin ke amfani da shi har yanzu, galibi da shuɗin launi.

Aikin bai tsaya ga tambari ba, kuma nan ne ɗalibai suka fi samun darasi. Rand ya tsara kwalayen kaya, takardun wasiƙa, rahoton shekara-shekara da fostoci, ya kuma rubuta littafin ƙa'idoji da ke nuna yadda za a sa tambarin, girmansa, da tazarar da za a bari kewaye da shi, ta yadda ofishin IBM a kowace ƙasa zai fito da kama ɗaya. A 1981 ya yi wata fosta ta raha, inda ya zana ido a gurbin I, da ƙudan zuma a gurbin B, ya bar M da layukanta, saboda a Turanci sunan ido da na ƙudan zuma suna da lafazi ɗaya da waɗannan haruffa.

Sauran tambura

A 1960 ya zana wa Westinghouse harafin W cikin da'ira, da ɗigo uku a sama, abin da ke tuna mahaɗar wayoyin lantarki. Na UPS, a 1961, garkuwa ce da ƙunshin kaya ɗaure da zare a kanta. Ya yi shekara 42 kafin a sauya shi a 2003. Na gidan talabijin ɗin ABC, a 1962, ƙananan haruffa uku ne farare cikin baƙar da'ira. Ba duk aikinsa aka karɓa ba: kamfanin motoci na Ford ya ƙi amfani da wanda ya zana masa a 1966.

A 1986 Steve Jobs ya neme shi domin sabon kamfaninsa na kwamfuta, NeXT, kan kuɗi dala 100,000. Jobs ya so a kawo masa zane da yawa ya zaɓa, Rand ya ƙi, ya ce zane ɗaya zai kawo, kuma za a biya shi ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Ya kawo baƙin akwati a karkace da digiri 28, haruffa huɗu kowanne da launinsa, tare da ɗan littafi mai bayyana dalilin kowane mataki. Jobs ya karɓa.

Ra'ayinsa

Rand ya kwatanta tambari da tuta ko sa hannu. A ganinsa aikin tambari shi ne ya sa a gane mai shi, ba lallai ne ya nuna abin da ake sayarwa ba. Ya fi son wanda za a iya tunawa bayan kallo ɗaya, wanda zai yi kyau a babban allo da kuma kan katin kasuwanci, da launi ko da baƙi da fari kawai. Ya kuma nace cewa darajar tambari daga ingancin kamfanin take fitowa. Abin da ya sami ɗaya daga cikin ayyukansa na ƙarshe ya gaskata haka: tambarin Enron, harafin E a karkace, ya koma abin ba'a da alamar zamba bayan durƙushewar kamfanin a 2001, alhali ko layi ɗaya bai sauya a zanen ba.

Koyarwa da suka

Ya fara koyarwa a Jami'ar Yale a 1956, ya kuma daɗe a can. An san shi da kaifin harshe da rashin sassauci ga ɗalibai da abokan ciniki. A farkon shekarun 1990 ya bar Yale saboda rashin amincewa da naɗa Sheila Levrant de Bretteville shugabar sashen, ya kuma yi rubutu yana sukar sababbin salon zane da ya ɗauka hargitsi ne. Matasan masu zane da dama sun mayar masa da martani, suna ganin ya zama mai tsare ƙofar da shi kansa ya taɓa ɓallewa. Littattafansa na baya sun haɗa da A Designer's Art na 1985, Design, Form, and Chaos na 1993, da From Lascaux to Brooklyn na 1996. Ya kuma zana littattafan yara huɗu da matarsa Ann Rand ta rubuta.

Mutuwa

Ya mutu sakamakon ciwon daji a garin Norwalk na jihar Connecticut, yana da shekara 82, aka binne shi a can. Takardunsa da zane-zanensa suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Yale. A 1999 Steven Heller ya wallafa littafin tarihin rayuwarsa da ayyukansa.