Marigayi Likita Mila Na Birnin Zariya (1872–1952)

Duk wanda ya shiga majami'un Hausawa da ke ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ranar Lahadi, zai tarar ana karanta Littafi Mai Tsarki da harshen Hausa. Amma kaɗan ne daga cikin masu sauraro suka san mutumin da ya ɗauki babban kaso na aikin fassarar farko, wato Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka fi sani da Likita Mila. Tarihinsa abin dubawa ne ga shugabannin majami'u, domin ya nuna cewa mai hidimar jama'a sai ya tattala lafiyarsa, ya ƙara iliminsa, ya kuma gyara halinsa, in dai yana son hidimar ta ɗore.

An haife shi a Ingila cikin shekarar 1872, ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya tako ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus ta Libiya, inda fatake da alhazan Hausawa ke yada zango, ya zauna yana koyon harshe daga bakin masu shi. A can ne ya gamu da wani yaro mutumin ƙasar Katsina mai suna Abdulmajid, wanda ke kan hanyar Makka. Yaron nan ya taimake shi ƙwarai wajen koyon Hausa, daga baya kuma ya zama abokin zamansa. Likita ne cikakke, amma bai ji nauyin zama ɗalibin yaro ba.

A shekarar 1900 suka taso su biyar a ƙarƙashin Bishop Tugwell, suka iso Zariya, daga nan suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, ya umarce su da su fita daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka komo ƙasar Zazzau suka sauka a Girku. A nan ne cuta ta far musu. Ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, wani kuma aka mai da shi gida saboda rashin lafiya, daga bisani shi kansa Likitan ya koma Ingila. Tafiyar da aka fara da zumuɗi ta watse tun ba a kafa kome ba. Masu iya magana sun ce lafiya uwar jiki, kuma abin da ya sami ayarin nan ya tabbatar da cewa himma kaɗai ba ta riƙe aiki in jikin mai aikin ya gaza.

Bai yi zuciya ba. Ya sake dawowa, kuma a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Sannu a hankali ya fahimci cewa baiwarsa ta fi ƙarfi wajen koyarwa da fassara, don haka ya mai da yawancin ƙarfinsa can. Sanin abin da mutum ya fi iyawa, da haƙura da sauran, wani mataki ne na girma da shugabanni da yawa ke kasa takawa, har su ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansu.

Wata jarrabawar ta zo masa ta hanyar Isawa, wato mabiyan Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka nemi Likita Mila a Zariya, aka kafa musu gari a Gimi, a ƙasar Zazzau. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya shiga garin ya hallaka mutane da yawa, har aka watse. Wannan shi ne karo na biyu da cuta ta rushe abin da ya sa rai a kansa. Abin da ya rage masa shi ne yaran da suka tsira, ya kuwa riƙe su a makaranta. Daga wannan jama'a ta mishan ɗin Zariya aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, haka kuma ba a rasa aibu ga ɗan Adam. Likita Mila mutum ne mai kaifin harshe, wanda ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya yi ta saɓani da jami'an mulkin mallaka, dangantakarsa da fadar Zazzau ta yi tsami, har abokan aikinsa na mishan ma ba kullum suke jin daɗin zama da shi ba. Sau da yawa yakan tsaya ne don kare talakawa daga zalunci, amma zafin da yake faɗar maganar ya rufe masa ƙofofin da haƙuri zai iya buɗewa. Horar da zuciya ya fi masa wuya bisa koyon harshe.

A 1929 aka ɗauke mishan ɗin daga cikin birni zuwa Wusasa, ragamar aiki kuma ta koma hannun matasa irin su Guy Bullen. Rabuwa da wurin da ya yi shekara 24 yana ginawa ba ƙaramin abu ba ne. Ya koma Kano, birnin da aka kore shi a 1900, ya duƙufa ga fassara. Da taimakon Hausawa da waɗansu 'yan mishan, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Babban aikinsa ya kammalu ne bayan ya saki shugabanci.

Ya bar C.M.S. a 1935, amma bai ajiye alƙalami ba. A 1936 ya buga littafin tarihin rayuwarsa, a 1947 kuma, yana da shekara 75, ya fitar da wani wanda sunansa kansa tambaya ce, ko an gaza a Nijeriya. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a 1952, yana da shekara 80.

Fassararsa ta 1932 ita ma an sake ta daga baya, kamar yadda akan yi wa kowane aikin hannu. Amma limamin majami'a da ke fama da wa'azi da noma da ziyarar marasa lafiya a ƙauyen Doguwa ko Kiru zai sami abin auna kansa a rayuwar wannan mutum: ya kiyaye jikinsa, kada ya ji kunyar koyo ko daga wurin yaro ne, ya rage zafin harshe, in lokaci ya yi kuma ya miƙa ragama ga na baya.