Tuna baya: Joseph Tarka, matashin da ya kai kukan ƙananan ƙabilun Arewa Landan

Ranar 27 ga Mayun 1967 aka haifi Jihar Kano, lokacin da Yakubu Gowon ya rushe tsarin yankuna huɗu ya kafa jihohi 12. Kusan duk Bakano ya san wannan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, cikin waɗanda suka fi shan wuya a kan a raba Arewa zuwa jihohi har da wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Tibi, wanda ya shiga majalisar tarayya yana da shekara 22. Sunansa Joseph Sarwuan Tarka.

Daga aji zuwa majalisa

An haifi Tarka ranar 10 ga Yulin 1932 a garin Igbor da ke ƙasar Tibi, a Jihar Binuwai ta yanzu. Mahaifinsa malamin makaranta ne wanda daga baya ya riƙe sarauta. Ya yi firamare a Gboko, ya yi midil a Katsina-Ala, sannan ya ƙaro ilimin koyar da kimiyyar noma a Bauci. Aikin koyarwa ya fara kamawa.

A 1954 aka zaɓe shi ɗan majalisar wakilai ta tarayya a Legas. A wancan zamani siyasar Arewa tana hannun jam'iyyar NPC ta Sardauna Ahmadu Bello, wadda ta tsaya a kan cewa Arewa ɗaya ce, ba a raba ta. Hujjarta ita ce, in aka yayyanka yankin, Kudu da ta riga shi nisa a ilimin boko za ta danne shi.

Sai dai ƙabilu da dama na Binuwai da Filato da kudancin Zariya da Adamawa ba haka suka kalli lamarin ba. Suna ganin daga Kaduna ake yanke musu hukunci, kuma harsunansu da al'adunsu ba su da mazauni a gwamnati. Ƙungiyoyinsu suka haɗe suka zama jam'iyyar UMBC, a 1957 kuma Tarka ya zama shugabanta. Buƙatarsu guda ce: a ba yankin Tsakiyar Najeriya jiharsa.

Zaman Landan

A shekarar ce aka yi taron tsara makomar Najeriya a Landan, kuma Tarka yana cikin mahalarta, alhali bai cika shekara 25 ba. Ya zauna zaure ɗaya da Sardauna da Obafemi Awolowo da Nnamdi Azikiwe, waɗanda kowannensu ya haife shi.

Koken ƙananan ƙabilu, na Arewa da na Kudu, ya yi ƙarfin da sai da Turawan Ingila suka kafa kwamiti ƙarƙashin Henry Willink domin ya bincika tsoron da suke da shi. Kwamitin ya zaga ƙasar, ya saurari jama'a, ya miƙa rahoto a 1958. Bai goyi bayan kafa sababbin jihohi ba. Maimakon haka ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki.

A zaman 1958 Turawan suka gindaya sharaɗi mai nauyi: in ana son sababbin jihohi, to sai a jinkirta 'yancin kai. Manyan jam'iyyu suka zaɓi 1 ga Oktoban 1960. Tarka ya dawo gida babu jiha, amma maganar ta shiga kundin tarihi, kuma ba ta sake fita ba.

A nan labarinsa ya yi kama da na Kurdawa, ƙabilar Salahuddinil Ayyubi, ya kuma sha bamban da shi. Bayan yaƙin duniya na ɗaya, yarjejeniyar Sèvres ta 1920 ta buɗe musu ƙofar samun ƙasa. Da aka sake zama a Lausanne a 1923, aka shafe batun baki ɗaya. Shekara ɗari ke nan suna rarrabe tsakanin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya, a wasu wuraren ma an taɓa hana su koyar da harshensu. Tibi da maƙwabtansu ba su samu abin da suka je nema ba, amma sun samu kujera a zauren, kuma da bakinsu aka ji kukansu.

Jini da kurkuku

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. UMBC ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar AG ta Awolowo, ta kuma lashe kujerun ƙasar Tibi a zaɓen 1959. Magoya bayanta suka riƙa kokawa cewa hukumar En'e tana amfani da kotuna da 'yan doka da haraji wajen musguna musu. A 1960 tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gidaje masu yawa. A 1964 ta sake tashi da muni fiye da ta farko, aka yi asarar rayuka, har sai da aka tura sojoji.

Masu sukar Tarka sun ce jam'iyyarsa ce ta rura wutar. Magoya bayansa kuwa sun ce tura ce ta kai bango. Ko ma dai wane ne ke da gaskiya, talakawa ne suka kwana a ciki.

A 1962 aka kama shi tare da Awolowo da wasu, aka tuhume su da cin amanar ƙasa. Kotu ta ɗaure Awolowo shekara 10, ta sallami Tarka. Da ya fito sai ya haɗa kai da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano. Ƙawancen ya nuna cewa ba Bahaushe Tarka yake faɗa da shi ba. Talakan Kano da 'yan doka suke kamawa saboda NEPU da manomin Gboko da ake kamawa saboda UMBC, ciwo ɗaya suke ji.

Mulki da tabonsa

Bayan an kafa jihohi a 1967, Binuwai da Filato suka samu tasu, Kano ta samu tata a rana guda. Gowon ya naɗa Tarka kwamishinan tarayya, matsayin minista a yau. Ya riƙe sufuri, daga baya sadarwa. Malam Aminu ma yana cikin wannan majalisa.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. A 1974 wani ɗan kasuwa ɗan ƙabilarsa, Godwin Daboh, ya yi rantsuwa a kotu yana zarginsa da cin hanci. Jaridu suka matsa, Tarka ya ajiye aiki.

Da siyasa ta dawo a 1978, sai ya ba mutane mamaki. Ya shiga NPN, jam'iyyar da ta tara yawancin magadan NPC. Ya nemi takarar shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari ya kayar da shi. Wasu suka ce ya sayar da gwagwarmaya. Wasu suka ce tunda Murtala Muhammad ya ba Binuwai jiharta a 1976, rigimar ta ƙare, saura neman rabo daga ciki. An zaɓe shi sanata a 1979, ya rasu a Landan ranar 30 ga Maris na 1980 yana da shekara 47. Yau akwai ƙaramar hukuma mai sunansa a Binuwai, haka ma jami'ar aikin gona ta Makurdi.

Abin da ya shafi Kano ta Kudu

Mai tafiya daga Ƙofa zuwa madatsar ruwa ta Tiga yana ganin ɗaya daga cikin amfanin wannan gwagwarmaya. A zamanin Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano, aka gina ta, lokacin da hukunci ya dawo kusa da gida. Masu neman Jihar Tiga a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, irin hujjar Tarka suke kafawa: nisa da cibiyar mulki yana jawo mantuwa. Tambayar da ya yi wa Kaduna kuma tana nan a kanmu game da Kurama da Maguzawa da ke zaune a wannan yanki.

Sai batun matasa. A 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, aka yi ta murna. Amma da Tarka zai dawo yau da shekarunsa na 1954, doka ba za ta bar shi ya tsaya ba. Ana kiran matasa a zauren sulhu ne galibi domin su tafa ko su ɗauki hoto. Shi kuwa ya shiga ne da jama'a a bayansa da buƙata guda a hannunsa, shi ya sa dattawan da suka ƙi amincewa da shi ba su iya kawar da kai daga gare shi ba.