Richard St. Barbe Baker: Dattijon Da Ya Tunkari Hamada

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, wani aikin ofis kan kwararowar hamada ne ya haɗa ni da tarihin wannan Bature. An haife shi a Ingila a 1889. A 1922, yana jami'in gandun daji a Kenya, ya kafa ƙungiyar dasa itatuwa tare da mutanen Kikuyu. Daga bisani ya yi aiki a kudancin Nijeriya.

Tsufansa ne ya fi ba ni mamaki. A 1952, ya haura shekara 60, ya ratsa Sahara da mota, ya kuma yi kira da a kafa shingen itatuwa don tare hamada. Sai a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da irin wannan shiri. Ya rasu a Kanada a 1982, yana da shekara 92, kwanaki kaɗan bayan ya dasa itacensa na ƙarshe.

Ni da ban kai arba'in ba, kunya ta kama ni. Malamanmu da kuka yi ritaya, ku shige mana gaba, mu dasa itatuwa a makarantarmu a daminar bana.