Tarihin Ferdinand Buisson, mutumin da ya yi aikin lakwal kyauta

Ƴan uwa na gida da na birni, dattawanmu sun sha tambayarmu asalin lakwal ɗin gwamnati wadda ba a biyan kuɗi. To, ga tarihin ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta a Faransa.

An haifi Ferdinand Buisson a birnin Paris a shekarar 1841. Ubansa alƙali ne, ya rasu tun yana saurayi, sai ya shiga koyar da yara don ya ciyar da uwarsa da ƙanensa. Da ya ƙare karatu ya ƙi yin rantsuwar biyayya ga sarki Napoleon na uku, ya tafi ƙasar Suwis, ya koyar a Neuchâtel daga 1866 zuwa 1870. Bayan faɗuwar sarkin ya komo gida, ya riƙe gidan marayu a Paris.

A 1879 minista Jules Ferry ya ɗora shi bisa shugabancin ƙananan makarantu na ƙasar duka. Shekara 17 ya yi a wannan kujera. A zamaninsa aka yi dokar 16 ga Yuni 1881 wadda ta kashe kuɗin makaranta. Dokar 28 ga Maris 1882 kuma ta tilasta karatu ga kowane yaro, mace da namiji, daga shekara 6 zuwa 13. Ita ce ta fid da koyar da addini daga aji, amma ta bar rana ɗaya a mako ban da Lahadi, don iyaye su koya wa ƴaƴansu addininsu.

Buisson ya san doka kaɗai ba ta koya wa yaro baƙi, sai da mushe. Saboda haka ya dage kan horar da malamai, ya kuma tara masana suka rubuta babban kundin koyarwa don amfaninsu. A 1896 ya koma koyarwa a jami'ar Sorbonne. A 1927 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya tare da Bajamushe Ludwig Quidde. Ya rasu a 1932 yana da shekara 90.

Sai dai mu faɗi gaskiya. Ferry ɗin nan yana cikin manyan masu goyon bayan mulkin mallaka, kuma lakwal ga kowa ba ta iso ƙasashenmu ba. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yara kaɗan ƙwarai ke aji.

Yau aikin a wuyanmu yake. Kyauta ba ta nufin babu wahala: wani ne ke gina aji, wani ke riƙe mushe da mutunci, wani ke haƙura da tallar ɗiyarsa don ta je karatu. Mu da ke birni mu taimaka da abin da ya samu, ku da ke gida ku tura yara, har da ƴan mata, allo da safe ko da dare bai hana ba. Allah ya yi mana jagora, amin.