Mariya Teresa: Sarauniyar da hotonta ke jikin liyari

Idan a cikin kayan kakanni a wani tsohon gida na Ƙofar Gayan ko wata unguwa ta birnin Zariya ka ci karo da kwabon azurfa mai faɗi, da hoton mace sanye da mayafi da lamba 1780, to liyari ne. Matar kuwa ita ce Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya.

An haife ta a birnin Biyana ranar 13 ga Mayu, 1717. Mahaifinta, Sarki Charles na Shida, ya rasu a 1740 bai bar ɗa namiji ba, sai ta gaje shi tana da shekara 23. Ganin mace ce matashiya, Sarki Frederick na Furushiya ya ƙwace mata yankin Silesiya. An shafe shekara takwas ana yaƙi. Ba ta iya maido da yankin ba, amma ta riƙe gadon mahaifinta.

Ta haifi 'ya'ya 16, ciki har da Marie Antoinette, sarauniyar Faransa da aka fille wa kai a 1793. A 1774 ta wajabta sanya yara a makaranta daga shekara shida zuwa 12. Tun da mijinta ya rasu a 1765 ba ta sake cire baƙaƙen kaya ba, kuma mayafin da ke kanta a jikin liyari na wannan makokin ne.

Ta rasu ranar 29 ga Nuwamba, 1780. Sai dai fatake a ƙasashen Larabawa da Afirka sun riga sun yarda da azurfar kuɗinta, don haka aka ci gaba da buga shi da hotonta da shekarar rasuwarta. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, liyari ɗaya na daidai da wuri 2,500. Maƙera kuma kan narka shi su yi kayan ado.

A nan masu tara tsofaffin kuɗi ke ruɗuwa. Lambar 1780 ba shaidar tsufa ba ce, domin an buga shi a Roma da Landan da Bombay a ƙarni na 20, kuma har yau ana buga shi a Biyana.

Kafin ka saya ko ka sayar, a ɗora shi a sikeli: na gaskiya yana da nauyin giram 28 da ɗan kaɗan, kashi 83.3 cikin ɗari azurfa. Maganaɗisu ba ya kama shi. A bayansa akwai gaggafa mai kai biyu, a bakinsa kuma akwai rubutun da aka yi don hana kankare azurfar. Fataken dā har ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kafaɗar sarauniyar suke dubawa, idan sun shafe su ƙi karɓa.