Nana Asma'u da Zafin Maraici

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a 1793. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, abokan zaman uwar suka rene ta. A 1817 kuma Allah Ya karɓi ran mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Shekara 20 bayan nan, yayanta Muhammadu Bello ma ya kwanta dama, ta tsara Filitago da Fulatanci, wadda Hausawa suka sani da Waƙar Gewaye. Masana kan karanta ta a matsayin tarihin jihadi. A ganina kuwa, 'ya ce take bin sawun mahaifinta zango-zango, daga Ɗegel zuwa Gudu har Sakkwato, don kada a manta da shi. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare, kusa da shi.