Jozef Lista, likitan da ya yaƙi ruɓewar rauni

A asibitocin Ingila na wajen 1860, wanda aka yi wa fiɗa yakan tsira daga wuƙa, sai ruɓewar rauni ta kashe shi bayan kwanaki. Likitoci sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Da rigar da ta sha jinin jiya suke shiga aikin yau.

An haifi Jozef Lista a 1827 kusa da Landan. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, kuma gwanin gyaran madubin duba ƙananan halittu. Bayan ya zama babban malamin fiɗa a Gilasgo a 1860, sai ya karanta binciken Bafaranshen nan Luwi Pastur, wanda ya nuna ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke ruɓar da abu. Lista ya ga ke nan a kashe su tun ba su shiga rauni ba. Ya ɗauko kabolik, wani sinadari da ake zubawa a magudanar ƙazanta don kashe wari.

A watan Agusta 1865 aka kawo masa yaro ɗan shekara 11 da amalanke ya taka, ƙashin ƙafa ya huda fata. Mu da muke yini tsakanin amalanke da manyan motoci mun san irin wannan karaya. A lokacin yanke ƙafar aka saba yi. Lista ya wanke raunin da kabolik ya ɗaure, bayan mako shida yaron ya tafi gida da ƙafafunsa biyu. A lissafinsa, cikin mutum 35 da ya yanke wa gaɓa kafin wannan dabara 16 sun mutu. Cikin 40 na bayanta, 6 kaɗai.

Manyan likitocin Landan sun daɗe suna yi masa kallon mai neman suna. Shi ma ya yi kuskure: feshin kabolik cikin iska da ya dage a kai ba shi da amfani, ya kuwa bar shi a 1890. Ya rasu a 1912, bai ga fenisilin ba, wanda aka gano a 1928.

Dabararsa ta riga cuta isa wurin ita ake bi da maganin kashe ƙwayoyin cuta yau. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2016 ta ce a ba da shi cikin awa biyu kafin yanka, kada a ci gaba bayan an gama fiɗa. Kafson da muke saye a tebur mu yi ta sha bayan an sallame mu ba ya cikin wannan ƙa'ida, sai ma ya koya wa ƙwayoyin jure magani.